Saƙon da aka rubuta a allon kowa

Kawuna dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ya haura shekara 20 a rumfa ɗaya. A bara muka kai masa wata na'urar POS ta gwaji wadda muke rubuta wa manhaja a ofishinmu da ke Yaba, domin duk Legas babu inda ya fi dacewa a gwada irin wannan kaya kamar wurin da ake ciniki cikin turereniya tun asuba, netwok na zuwa yana ɗaukewa kamar wutar NEPA. Bayan kwana huɗu ya kira ni, gaisuwar ma a tsaitsaye. Wata mata ta sayi buhu biyu, na'ura ta ce kuɗi bai fita ba, ita kuwa ga alat a wayarta an cire. Ta tsaya a bakin rumfa ta tara masa jama'a, rabi da Yarbanci rabi da buroka. Ya ce, "Ɗana, wannan abin naku maƙaryaci ne. Ka zo ka ɗauki kayanka kafin ya zubar mini da mutunci."

Kwana biyu muka yi muna bin sawu. Da muka kama ɓarawon sai ga shi layi ɗaya ne tak, kuma ƙanenmu da ya rubuta shi bai yi abin da ba a gani a littattafan koyo ba. Ni ma na duba aikin na sa hannu. Tun daga ranar nake ganin abubuwa biyun da masu rubuta manhaja ke ja-in-ja a kansu daban-daban, wato yadda ake sarrafa kuskure da yadda ake ƙera tsayayyen kilas, magana ɗaya ce aka raba biyu. Idan abu ya lalace, a hannun wa labarin zai faɗa?

Da C++ muka rubuta manhajar, ɗaya daga cikin harsunan gina tsari, irin su C, Rust, Zig da D. Da su ake rubuta ƙashin bayan kwamfuta: tsarin da ke tafiyar da waya, rumbun bayanai, ƙwaƙwalwar mota da ta jirgi. Mai rubutu da su yana kusa da ƙarfe, galibi shi ke neman wuri a memori shi ke mayarwa, babu wani babba a sama da zai share masa ɓarnar da ya yi. Kilas kuwa tamkar akwatin buga bulo ne. Ka ƙera shi sau ɗaya ka buga bulo dubu, kowane bulo da jikinsa. Tsayayyen kilas, wanda komai nasa ke ɗauke da kalmar `static`, ba a buga komai da shi. Shi kaɗai ne a kafe wuri guda, wanda ya ga dama ya kira shi da suna daga ko'ina a cikin manhaja.

Irinsa ƙanenmu ya yi, ya sa masa suna `Tasha`. A ciki akwai fankshan (guntun kod da ake kira ya yi aiki guda) mai aika kuɗi da fankshan mai buga rasit. Kowanne yana dawo da i ko a'a kawai, dalilin gazawa kuma ana rubuta shi a wuri ɗaya mai suna `kuskure`, kamar allo a rataye a bango. Na'urar tana tafiyar da zare biyu, wato layukan aiki biyu masu gudana lokaci guda, ɗaya na magana da banki, ɗaya na kula da firinta. A ƙa'idar ISO 8583 da irin waɗannan na'urori ke magana da ita, amsar banki tana zuwa da lamba: 00 an amince, 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 91 bankin mai kati ba ya amsawa. Akwai kuma halin da babu lamba ko ɗaya, ka aika saƙo shiru ta biyo baya. A nan ba ka san ko an cire kuɗin ko ba a cire ba, don haka dole ka tura saƙon warware ciniki. Ƙanenmu ya san wannan, ya kuma rubuta shi. Abin da ya faru a rumfar kawu shi ne netwok ya ɗauke, zaren banki ya rubuta a allo cewa lokaci ya ƙure babu amsa, kafin a karanta sai takardar firinta ta ƙare a kan kwafin rasit na baya, zaren firinta ya goge ya rubuta nasa. Kod ɗin da ke karanta allon ya zo ya ga "takarda ta ƙare", ya ce ai wannan bai kai a warware ciniki ba, ya nuna wa mata cewa kuɗi bai fita ba. A ofis ba mu taɓa ganin haka ba, don a ofis netwok ba ya ɗaukewa daidai lokacin da takarda ke ƙarewa.

Yaron gado ya ci. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya haɗa a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, da wannan ɗabi'a ya girma. Ka ce a buɗe fayil, in abin ya ƙi, `open` ya dawo maka da -1, dalilin kuma ya rubuta a wani allo mai suna `errno`. A Linux 2 na nufin babu fayil ɗin, 12 memori ya ƙare, 13 ba ka da izini. Allon ba ya goge kansa in aiki ya yi nasara, kuma duk fankshan ɗin da ka kira a tsakani yana iya rubuta nasa a kai, har da wanda ka kira don ya buga maka saƙon kuskuren. Da zamanin zare da yawa ya zo sai dole aka gyara, ƙa'idar POSIX ta ce kowane zare ya sami `errno` nasa. Shi ya sa in ka leƙa cikin glibc, ɗakin karatun C na Linux, wato tarin fankshan ɗin da manhajoji ke ara, a yau za ka tarar `errno` laƙabi ne kawai na wani fankshan da ke nemo allon zaren da ya tambaya. Duniya ta ƙone a wannan wuta tun shekarun 1990, mu muka sake hura ta a Yaba.

Salon C yana da ciwo na biyu, kuma a ganina ya fi na farko muni: kuskure da amsa suna bin bututu ɗaya. Fankshan ɗin `atoi` yana mayar da rubutu zuwa lamba. Ka ba shi "0" ya ce 0, ka ba shi "albasa" ya ce 0. Ba ka da hanyar sanin wanne ne. Babu kuma abin da ya tilasta maka duba amsar. Ka kira `close` ko `write` ka wuce abinka, manhaja za ta ci gaba kamar lafiya lau. A watan Fabrairun 2014 Apple ya fitar da gyaran wani kwaro da aka yi wa laƙabi da layin da ya jawo shi, `goto fail`. An maimaita layin sau biyu a jere a cikin kod ɗin tantance sa hannun shafukan intanet, sai na biyun ya riƙa tsallake bincike na ƙarshe ba tare da sharaɗi ba. A lokacin tsallaken kuwa mazubin kuskuren yana ɗauke da 0, wato nasara. Hanyar gazawa aka bi, aka fito da takardar shaidar cin jarrabawa.

C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara a 1979 aka raɗa masa wannan suna a 1983, ya zo da wata hanya, jifa da cafewa: wanda ya gamu da kuskure ya jefa shi, wani ya cafe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar 'ya'yan itace ta Ketu ya ga ana sauke kankana ya san hoton: na kan mota ya jefa, na ƙasa ya cafe. Bambancin shi ne a C++ kankanar tana tsallake kan duk na tsakiya har sai ta sami wanda ya ɗaga hannu ya ce irin wannan tawa ce. In babu kowa, manhaja ta tsaya cak. Amfanin a fili yake. Ba za ka iya yin biris da kuskure ba, kuma kod ɗin hanyar lafiya yana fita tsaf babu bincike a kowane layi. Harshen ya kuma tanadi cewa duk abin da aka tsallake za a kira mai rushe shi, fayil ya rufu, memori ya koma, makulli ya buɗe, muddin an ɗaure kowace kadara a jikin abu mai rai da mutuwa. Wannan dabara ce ake kira RAII, kuma ko ba ka son jifa ita kam ka riƙe ta.

To amma me ya sa manyan masu amfani da C++ da yawa suke kashe jifan baki ɗaya? Ƙa'idar rubutun Google ta hana shi, kuma sun faɗi gaskiya cewa dalilin shi ne tulin tsohon kod ɗinsu da ba a gina shi don jure jifa ba. LLVM, babban aikin gina manhajojin fassara kod, shi ma ba ya amfani da shi. Ƙa'idar C++ da Lockheed Martin ya fitar a 2005 don jirgin yaƙi na F-35 ta haramta shi. Muddin ba a jefa komai ba kusan kyauta ne, amma ranar da aka jefa yana da wuya ka ce ga iyakar lokacin da zai ɗauka kafin a cafe, kuma teburorin da ke nuna hanyar jifan suna ƙara wa manhaja ƙiba, abin da ƙaramar na'ura ba ta so. Ni abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. In ka kalli layin kod ba ka ganin inda kankana za ta iya tasowa. Kowane kira ƙofar fita ce da ba a zana ba. Mai karatu sai ya haddace halin duk fankshan ɗin da ke ƙasa da shi, kuma babu mai haddacewa. Ƙarshenta sai ka ga an shimfiɗa babbar raga a can sama tana cafe komai, ta rubuta "an sami matsala" a rajista, wato kundin da manhaja ke rubuta abin da ya faru, aiki ya ci gaba.

Hanya ta uku ita ce ake yayi yanzu, kuma ina cikin masu yayin. A mayar da kuskure kaya, a ƙunshe shi a miƙa wa mai kira hannu da hannu. A Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 15 ga Mayu 2015, fankshan ɗin da zai iya gazawa yana dawo da `Result`, ƙunshi mai fuska biyu, ko amsa ko dalilin gazawa. Ba za ka taɓa amsar ba sai ka kwance ƙunshin, in kuma ka yar da shi ba ka duba ba tafinta, wato manhajar da ke juya kod zuwa yaren inji, zai yi maka gargaɗi. Da farko abin ya yi nauyi a hannu, sai a ƙarshen 2016 aka ƙara alamar `?` wadda ke cewa in kuskure ne a miƙa wa na sama da ni. Ita ma tsallake ce, amma tsallake mai sawu, ana ganinta a kan layi. Zig na Andrew Kelley yana da kwatankwacinta da `try`, ga kuma `errdefer` mai share wuri in an fita ta ƙofar gazawa kaɗai. Harshen Go ya zaɓi ya dawo da amsa da kuskure gefe da gefe, har `if err != nil` ya zama abin tsokana. An ƙi shawarar sauƙaƙa shi a 2019, a 2025 kuma masu harshen suka ce sun daina neman sabon salon rubuta shi. C++ ɗin kansa ya biyo sahu, `std::expected` ya shigo a ƙa'idar 2023.

Sai dai ƙunshi ba laya ba ne. A 18 ga Nuwamba 2025 wani babban yanki na intanet ya durƙushe na sa'o'i, kuma Cloudflare, kamfanin da shafukan da abin ya shafa ke bi ta kansa, da kansa ya bayyana dalili. Wani fayil na tsarin gane mutum-mutumin intanet ya ninka girma bayan an taɓa izini a rumbun bayanai, ya wuce iyakar abubuwa 200 da aka tanadar wa wuri. Kod ɗin Rust ya gane matsalar daidai, ya ƙunshe ta a `Result` daidai. Wanda ya karɓa sai ya kira `unwrap`, wadda ma'anarta ita ce na rantse babu kuskure a ciki, in akwai a kashe ni. Aka kuwa kashe shi. Harshe ya kai saƙo hannun da ya dace, hannun ya jefar.

A nan ne ake buƙatar rarrabe gazawa gida biyu, kuma yawancin rigimar da nake gani tsakanin matasanmu daga haɗa su take tasowa. Akwai gazawar da duniya ke kawowa: netwok ya ɗauke, fayil babu, takarda ta ƙare, mai kati ya manta lambar sirri. Wannan ba abin mamaki ba ce, a Legas ma ita ce rana da rana, kuma dole manhaja ta san abin yi da kowacce. Akwai kuma gazawar da ke nuna mai rubutun ne ya yi kwaɓa: an leƙa gurbi na 11 a jeri mai 10, ko an bi adireshin da ba ya nuna ko'ina. In irin wannan ta faru, manhajar ba ta ƙara sanin halin da take ciki ba, duk abin da ta yi gaba cikin duhu ne. D na Walter Bright ya rubuta wannan bambanci a jikin harshen: `Exception` na gida na farko ne, ana cafewa a ci gaba, `Error` na gida na biyu ne, ba a so ka cafe shi, harshen ma bai yi maka alkawarin share wuri ba in ka cafe. Rust ya raba su da `Result` da `panic`.

Ana iya cewa to shi ke nan, na biyun a tsaya kawai. Tsayawar ma sai an tambaya me zai biyo bayanta. Rokar Ariane 5 ta tashi daga Kuru a Giyanar Faransa ranar 4 ga Yuni 1996, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da kunna ta. Wata lamba mai bit 64 aka so a cusa a mazubi mai bit 16 wanda ba ya ɗaukar fiye da 32,767. Kod ɗin, da harshen Ada, gadon Ariane 4 ne wadda ba ta gudu a kwance kamar sabuwar, kuma aikin da yake yi ba shi da amfani bayan an bar ƙasa. Ƙa'idar da aka gina na'urar auna tafiyar rokar a kai ita ce duk kuskuren da ba a cafe ba ta kashe kanta ta bar wa ta ajiya, don an ɗauka lalacewar ƙarfe kaɗai za a gamu da ita. Ta ajiyar kuwa kod ɗaya suke gudu, ta riga ta mutu da ciwo ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen labarin: bayanan gazawar da na'urar ta fitar, babbar kwamfutar rokar ta karanta su a matsayin bayanan tafiya, ta murɗe injin. Ciwon `atoi` ke nan a sararin samaniya. A ɗaya gefen kuma, a 2018 masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa in `fsync`, fankshan mai tabbatar da bayanai sun sauka a faifai, ya gaza a Linux suka sake kira, zai iya cewa ya yi nasara alhali bayanan ba su sauka a faifai ba. Maganin da suka ɗauka shi ne manhaja ta faɗi nan take, ta tashi ta sake gini daga kundin da take rubutawa tun kafin aiki. Su faɗuwa ta cece su, don sun tanadi inda za su faɗa.

Mu dawo kan tsayayyen kilas. Ba ni da rigima da shi muddin ba shi da ƙwaƙwalwa. Tarin fankshan na lissafi, ka ba shi lamba ya ba ka lamba, bai tuna ka ba bai tuna na gabanka ba, wannan lafiya lau. `Math` na Java haka yake, C# ma ya shigo da `static class` a siga ta 2 a 2005 don irin wannan. A C++ ma ba ka buƙatar kilas don haka, `namespace` ya ishe ka, a Rust da D kuma fayil ɗin kod ɗin kansa gida ne da ake tara fankshan. Sau da yawa in na ga tsayayyen kilas a C++ nakan gane daga Java mai shi ya taso, ya zo da lafazin garinsu.

Matsala tana farawa ranar da aka ajiye wani abu a ciki. Ta farko mun gan ta a Mile 12, kowa na rubutu a allo ɗaya. Tsohon ɗakin karatun C cike yake da irinta: `strtok` yana tuna inda ya tsaya a wani ɓoyayyen wuri, `localtime` yana dawo da adireshin mazubi ɗaya ga kowa, shi ya sa aka haifi `strtok_r` da `localtime_r` waɗanda kai ke kawo mazubinka. D ya yi wayo a nan, duk abin da ka ajiye a fili na zaren da ya taɓa shi ne sai in ka rubuta `shared` ko `__gshared` da hannunka. Rust kuwa ba ya barin ka taɓa `static mut` sai a cikin shingen `unsafe`.

Ta biyu ta fi ɓuya, kuma ita ce ainihin mahaɗar batutuwan biyu. Abin da ke tsaye wa ya tayar da shi, kuma yaushe? A C++ irin waɗannan abubuwa ana gina su kafin a shiga `main`, fankshan ɗin da manhaja ke fara aiki daga gare shi, kuma tsakanin fayil da fayil harshen bai faɗi wanda zai riga wani ba. In rajista tana buƙatar saituna, saitunan kuma ba a gina su ba tukuna, za ka iya samun manhajar da ke aiki yau ta ƙi gobe don kawai an sauya jerin haɗa fayiloli. Sannan in ginin ya gaza, a ce fayil ɗin saituna babu, wa za a faɗa wa? Babu mai kira. Jifan zai tashi babu wanda ya tsaya cafewa, don ragar da ka shimfiɗa a `main` ba a kai gare ta ba. A C# in mai gina tsayayyen kilas ya yi jifa ba a sake gwada shi, kilas ɗin ya mutu ke nan har sai an sake kunna manhaja, Java ma kusan haka. D yana duba ko masu ginin fayiloli sun zagaye juna, in ya ga haka ya ƙi tashi tun farko, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai dabarar ɓoye abin a cikin fankshan don a gina shi sai ranar da aka fara nema, wadda tun ƙa'idar C++ ta 2011 take da aminci tsakanin zare, Rust ma yana da `OnceLock` da `LazyLock`. Wannan ta warware jeri, amma ta ɗauke gazawar daga bakin ƙofa ta kai ta tsakiyar kasuwa, ta faɗa kan duk wanda tsautsayi ya sa ya fara kira, wanda galibi bai san ma akwai fayil a maganar ba.

Ta uku gwaji ne. Abin da ake kira da suna daga ko'ina ba a iya musanya shi da na bogi, don haka ba ka iya cewa yau bari in sa banki ya yi shiru in ga yadda manhaja za ta yi. Hanyar gazawa sai ta zama hanyar da ƙafa ba ta taɓa bi ba sai ranar gobara. Wani bincike da Ding Yuan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto suka gabatar a 2014 ya duba gazawa 198 a manhajojin ajiya da sarrafa bayanai, wato Cassandra, HBase, HDFS, MapReduce da Redis. Kashi 92 cikin 100 na waɗanda suka zama bala'i sun samo asali ne daga rashin iya sarrafa kuskuren da manhaja ta riga ta gano ta kuma sanar. Kashi 35 kuwa sakaci ne tsagwaro, irin ragar da aka bari wayam, ko aka rubuta a ciki cewa za a dawo a gyara.

Gyaran da muka yi bai da wani ƙawa. Muka rushe `Tasha`. Haɗin banki ya zama abu mai rai wanda ake ginawa a cikin `main` ta fankshan mai dawo da ƙunshi, in saituna babu ko makullin sirri bai loda ba na'ura ta faɗa a allonta tun kafin a sa kati. Firinta ta zama abu daban da irin kuskurenta daban, ta yadda ko da gangan ba za ka zuba "takarda ta ƙare" a mazubin amsar banki ba, tafinta zai ƙi. Amsar ciniki kuma muka ba ta fuska uku maimakon i da a'a: an amince, an ƙi ga lambar dalili, da ba a sani ba. Muka kunna gargaɗin tafinta ya zama hani, duk wanda ya rubuta zaɓi ya manta fuska ta uku aikinsa ba zai haɗu ba. Kafin a aika kowane ciniki ana rubuta shi a ma'ajiyar na'ura, ko batir ya mutu a tsakiya, in ta farfaɗo za ta ga bashin da ke kanta ta tura saƙon warwarewa. Sannan muka rubuta bankin bogi mai mugun hali, yana shiru, yana amsa rabi, yana amsa bayan an fid da rai.

Ƙanenmu bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja. Ya ce, "Yaya, da layi ɗaya nake kira daga ko'ina, yanzu sai na ɗauko haɗin nan na bi da shi ta fankshan shida kamar ɗan dako." Gaskiyarsa. Na ce masa dakon shi ne ke nuna wa mai karatu waɗanne shida ne za su iya taɓa kuɗin mutane, da can amsar ita ce duk manhajar. Bai gamsu sosai ba, ya ce to me ya sa na bar rajista a tsaye. Na bar ta ne don rubutu kawai ake zuba mata, babu mai karanta ta ya yanke hukunci, in ta gaza ma ciniki bai canja ba. Na san akwai waɗanda za su ce ita ma a ɗauke ta a hannu, Zig ma har mai raba memori sai ka miƙa wa fankshan da kanka. A ƙaramar na'ura mai mutum uku a kanta ban ga ribar kai wa can ba.

Da muka mayar wa kawu na'urar, mako bai cika ba fuska ta uku ta bayyana. Allo ya rubuta cewa ba a tabbatar ba, kada a sake saka kati, ana warwarewa. Ya kira ni, wannan karon da cikakkiyar gaisuwa har da tambayar mutanen gida, sannan ya ce, "To ɗana, na ba shi albasar ko in hana?" Na ce kawu wannan kam na'ura ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, sai banki ya amsa. Ya ce ai ba komai, da ma kafin zuwan na'urarku akwai littafi. Ya sa yaronsa ya jawo wa mai sayen benci, ya rubuta lambar wayarsa da adadin buhu, aka aika a kawo masa ruwan leda.